Daga Daraja ta Uku zuwa Digirin Digirgir a Kimiyyar Kwamfuta

Takardar sakamakonsa ta digirin farko 2.31 ke rubuce a kanta. Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san abin da wannan lamba ke nufi: daraja ta uku, tunda tu-tu daga 2.40 take farawa, tu-wan kuma daga 3.50. Yau yana wata jami'ar gwamnati a Amurka yana karatun digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta, ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ma ba shi alawus duk wata. Ya yarda a ba da labarinsa bisa sharaɗin kada a kama sunansa ko na makarantun da ya ratsa, saboda haka ɗalibin kawai zan riƙa ce masa. Tsakanin waccan takarda da wannan gurbi shekara shida ce.

Faɗuwar tasa ba ta da wani abin mamaki. Ya shiga jami'a yana da teburin gyaran waya a kasuwa, kuma teburin ya fi aji cin lokacinsa. Kwasa-kwasan rubuta manhaja yana cinye su ko littafi bai buɗe ba, sai ya zaci sauran ma haka za su zo masa. Lissafi bai lamunci wannan ba. A aji ɗaya da aji biyu ya kwashi kari-oba biyar, huɗu daga ciki na lissafi. Ya farga a aji uku, ya bar wa ƙaninsa teburin, ya duƙufa, amma ma'aunin CGPA, wato matsakaicin makin duk shekarun karatu, ba shi da mantuwa. Kowane kwas yana da nauyinsa, galibi yunit 2 ko 3. A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifili. A ninka maki da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista. A yawancin jami'o'inmu kwas ɗin da ka faɗi ba a goge shi don ka maimaita. Idan ka faɗi kwas mai yunit 3, baɗi ka dawo ka ci A, abin da ka tashi da shi maki 15 ne a kan yunit 6, wato 2.5, ƙasa da wanda ya ci C tun farko ya wuce abinsa. Yunit 75 na farko ɗalibin ya tashi da kusan 1.4, 75 na ƙarshe ya ɗan haura 3.2. Haɗa su ka raba biyu, ga 2.31 nan.

Wannan bambanci tsakanin rabin farko da rabin ƙarshe shi ne jarinsa na farko, sai dai ya daɗe bai san yana da shi ba.

Bayan hidimar ƙasa ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani, yana rubuta wa asibitoci da makarantu manhajar ajiye bayanai. Ya tara kuɗi ya zauna jarrabawar GRE ta masu neman karatun gaba da digiri a Amurka, ya ci 165 cikin 170 a ɓangaren lissafi, ya ɗauka ya wanke kansa. Sai ya buɗe jerin jami'o'in Amurka da suka fi suna, ya tsinci biyar daga sama, ya biya kuɗin fom, wanda yawanci kan kama daga dala 70 zuwa 120 kowace ɗaya. Duka biyar ɗin suka ce a'a, da wasiƙa kusan iri ɗaya, babu wadda ta faɗi dalili.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda ake tace takardu a can. Ƙofa biyu ce. Ta farko ofishin karatun gaba da digiri na jami'a baki ɗaya, wanda galibi ke gindaya 3.0 cikin 4.0 a matsayin mafi ƙanƙantar maki. Ta biyu kwamitin malaman sashe, kuma su ne masu zaɓe. Kwamitin kan sami ɗaruruwan takardu, a manyan sassa ma dubbai, ya raba wa malamai, kowa ya ba kowace takarda 'yan mintuna a zagayen farko. Tambayar da ke ransu ɗaya ce: wannan mutumin zai iya bincike, kuma zai tsallake kwasa-kwasanmu masu tsauri? Maki alama ce kawai da suke dogara da ita idan babu wata shaidar da ta fi ta. A takardun ɗalibin babu. Akwai F a lissafin diskirit, D a algoridim, wasiƙu uku daga malaman da ba su tuna fuskarsa ba, sai dogon bayani a kan yadda yake ƙaunar kwamfuta tun yana yaro. Makin GRE bai cece shi ba domin lissafinta na sakandare ne, kuma kusan duk masu neman wannan fanni suna cin sa da kyau. Jarrabawar GRE ta musamman a kimiyyar kwamfuta, wadda a da masu rauni kan yi amfani da ita su nuna sun gyaru, an daina ta tun 2013. Bayan korona ma sassa da yawa sun daina neman GRE ɗin gaba ɗaya.

Ya leƙa Jamus, saboda yawancin jami'o'in gwamnati a can ba su karɓar kuɗin koyarwa. Nan ma ya tarar da katanga. Suna juya makin waje zuwa nasu da wani lissafi: a cire makinka daga mafi girma, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙantar makin cin jarrabawa, a ninka da 3, a ƙara 1. A wurinsu 1.0 ce ƙololuwa, 4.0 ce ƙarshen ci. In aka ɗauki 5 da 1 a matsayin iyakoki, 2.31 tana komawa wajen 3.0, alhali kwasa-kwasai da dama 2.5 suke nema. Ga shi kuma suna ƙirga yunit nawa ka yi a lissafi da ka'idojin kwamfuta, kuma digirin farko suke kallo. Ingila ta fi sassauci ga mai kuɗi a hannu, amma tallafin Commonwealth tu-wan yake so, ko tu-tu haɗe da digiri na biyu. Mai daraja ta uku ko layi bai shiga ba.

Hanyar da ta rage tana gida. Mai daraja ta uku a Najeriya ba ya shiga digiri na biyu kai tsaye, sai ya bi ta babbar difloma, wato PGD. Zango biyu ce a takarda, ko da yake takan ja. Ana neman takardar hidimar ƙasa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, kuma a wannan mataki 50 ne makin ci, ba 40 ba. Kafin a wuce da ita zuwa digiri na biyu wasu jami'o'i 3.00 suke nema, wasu 3.50, saboda haka a tambaya tun kafin a sayi fom. Akwai kuma wani rami da mutane da yawa ke faɗawa a nan. Digiri na biyu iri biyu ne: na ilimi, mai kundin bincike da kare shi a gaban mai jarrabawa na waje, da na ma'aikata, wanda ake yi ƙarshen mako a rufe da ɗan gajeren aiki. Na biyun ya fi sauƙin samu, yana da amfani wajen ƙarin girma a ofis, amma a yawancin wurare ba ya kai mutum ga digirin digirgir. Wata diflomar ma can kawai take zubar da ɗalibanta. Ɗalibin ya kusa biyan kuɗin irin wannan, wani magatakarda a sashen ya yi masa hannunka mai sanda.

A difloma bai tsaya neman maki kawai ba. Ya ɗauko takardar jerin makinsa ta digirin farko, wadda ɗalibai ke kira transkirif, ya ja layi a ƙarƙashin duk kwas ɗin da kwamiti zai fara dubawa: lissafin diskirit, tsarin jera bayanai, algoridim, ka'idar otomata, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, liniya aljabara, da lissafin yiwuwa. Duk inda yake da D ko F ya nemi kwas ɗin da ya yi daidai da shi ya ci A, domin mai karanta takardun ya ga F a shafi na ɗaya, ya ga A a kwas ɗin da ya gaje shi a shafi na uku. A a kwas ɗin kasuwanci ko na sarrafa ofis ba ta rufe F a algoridim. Takardun shaidar kwasa-kwasan intanet kuwa, waɗanda ya tara har goma sha, sun koya masa abubuwa, amma kwamiti ba ya ba su nauyi, tunda babu mai tabbatar da wanda ya zauna jarrabawar. Abin da ya bambanta shi ne digiri na gaske da ake yi ta intanet, irin OMSCS, digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta na jami'ar Georgia Tech ta Amurka da aka fara a 2014, wanda ke buƙatar ɗalibi ya ci aƙalla B a manyan kwasa-kwasai biyu cikin shekarar farko. Wannan makin jami'a ne, ana girmama shi. Kuɗinsa da dala ne, shi ya sa ɗalibin bai bi ta nan ba. Ya gama difloma da 4.4, ya wuce digiri na biyu.

A nan ne labarin ya juya, kuma kundin bincikensa ne ya juya shi. Ya je wurin mai duba aikinsa da taken da kowa ke kaiwa, manhajar rajistar ɗalibai. Malamin ya ce masa, "Wannan ai kwangila ce, ɗana. Me za mu sani bayan ka gama wanda ba mu sani ba yanzu?" Ya ce, "Malam, to ka ba ni take." Malamin ya ƙi, ya ce ya je ya nemo abin da ke damun sa shi da kansa.

Abin da ya dawo da shi matsala ce da kowane mai rubuta Hausa a waya ya sani: haruffa masu lanƙwasa. Mafi yawan rubutunmu na intanet babu ƙ, ɗ, ɓ, sai ka ga kasa a wurin ƙasa, baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa, dari a wurin ɗari. Mutum yana gane abin da ake nufi daga jimla, na'ura kuwa tana ruɗewa, kuma ruɗun yana bin ta har cikin fassara da karanta rubutu da murya. Tambayarsa ita ce ko za a iya koya wa kwamfuta ta mayar da lanƙwasar inda ta dace. Daɗin wannan aiki shi ne ba sai an biya masu yi wa bayanai alama ba. Ka tara rubutun da aka yi da ingantattun haruffa, ka cire lanƙwasar da 'yan layukan Python, yaren rubuta manhaja, ka sami tambaya da amsarta a haɗe. Wahalar farko tsabtacewa ce, domin wasu k' suke rubutawa, wasu 'k, wasu kuma sun yi amfani da tsofaffin haruffan bugawa da ke rikiɗewa su zama wata alama dabam idan an kwafo su. Sai an mayar da duk wannan tsari ɗaya na Unicode, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke gane haruffa da ita. Daga nan ya raba jimlolin kashi 80 na horarwa, 10 na daidaitawa, 10 na gwaji. Ya fara da ma'auni mafi sauƙi, wato a ba kowace kalma siffar da ta fi yawan fitowa da ita, domin duk wata dabara mai tsada dole ta doke wannan kafin a saurare ta. Sannan ya horar da samfuri, wato manhajar da ke koyo daga misalai, mai bin rubutu harafi bayan harafi. Ba shi da kwamfuta mai ƙarfi, da Google Colab na kyauta ya yi, wato aron kwamfutar Google ta intanet, wanda ba ya wuce awa 12 a zama ɗaya, yakan ma katse kafin nan. Sau biyu ya yi asarar aikin dare guda kafin ya koyi adana samfurin a Google Drive bayan kowane zagaye.

Sakamakon farko ya haura kashi 99. Ya kai wa malaminsa yana murna, malamin ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya koma ya duba. Kuskure biyu ya tono. Na ɗaya, kafofin labarai suna kwafar juna, saboda haka jimla ɗaya takan faɗa cikin kason horarwa ta kuma faɗa cikin na gwaji, samfurin haddace amsa ya yi, abin da ake kira ɗigar bayanai. Na biyu, yana ƙirga dukkan kalmomi, alhali mafi yawansu ba su da wata shubuha, ko makaho ya ci su. Ya cire maimaici, ya raba bayanan bisa kafar da suka fito maimakon bisa jimla, ya koma auna kalmomi masu fuska biyu kaɗai. Lambar ta faɗo sosai, ta zama ta gaskiya. A ganina wannan makon da ya yi yana rushe sakamakonsa da hannunsa ya fi duk A ɗin da ya ci a difloma daraja, domin shi ne abin da kwamiti ke nema kuma ba ya fitowa a transkirif.

Bai tsaya a sashensu ba. Ya shiga Masakhane, gamayyar masu binciken harsunan Afirka da kwamfuta wadda ta taso a 2019, inda ba a tambayar mutum darajar digirinsa kafin a ba shi aiki. Ya bi ayyukan HausaNLP, masu irin wannan bincike a kan Hausa, ya nemi zuwa Deep Learning Indaba, taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka. Ya aika gajeriyar muƙala mai shafi huɗu zuwa taron bita na AfricaNLP, aka karɓa. Muƙalar taron bita ba ta kai ta babban taro ba, kowa a fannin ya san haka, amma ta nuna mutum ya ɗauki tambaya ya kai ta ƙarshe, wasu sun karanta sun amince. A nan a yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. Malaman kwamiti sun san su, kuma ganin su a takardar mutum rage masa ƙima yake yi. Ta hanyar wannan gamayya ya yi wata shida yana aiki da wata malama da ke koyarwa a Turai, ita ce ta zama mai ba shi shaida ta biyu.

Wasiƙun shaida uku ake nema, kuma ga mai rauni a maki su ne ƙashin bayan takardun. Wasiƙar da ta ce ɗalibi mai ladabi ne, mai ƙwazo, ya ci kwas ɗina, ba ta ƙara komai. Wadda ke aiki ita ce mai ba da labarin abin da mutum ya yi: ya gano ɗigar bayanai a gwajinsa, ya gyara, ya kawo sakamakon da ya fi na farko muni ba tare da an tilasta shi ba. Malaminsa ya kuma fito fili ya ambaci 2.31, ya ce ya san da ita, ya kwatanta shi da sauran ɗaliban da ya taɓa dubawa. Magana irin wannan daga bakin malami ta fi ta bakin mai nema nauyi. Masu shaida su aika daga adireshin imel na jami'arsu, kuma inda fom ya tambaya ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar, ka yafe, domin wadda mai ita zai iya karantawa ba a cika yarda da ita ba. Al'adar nan ta "rubuto in sa hannu" tana kashe takardu. Salon rubutunka zai fito a wasiƙu uku da bayanin manufarka, kuma masu karantawa ba yara ba ne.

Bayanin manufar tasa shafi biyu ne, kuma batun maki jimla uku kawai ya ci a ciki: shekaru biyun farko ya haɗa karatu da sana'a ya faɗi lissafi, shekaru biyun ƙarshe makinsa ya ninka, ya maimaita waɗannan fannoni a difloma da digiri na biyu ya ci A. Babu roƙo, babu ɗora wa malamai ko yajin aiki laifi. Sauran duk bincike ne, da abin da yake so ya yi gaba, da sunayen malamai biyu ko uku na wannan sashe waɗanda aikinsu ya haɗu da nasa.

Zaɓen makarantu ma ya sauya. Ya bar jerin suna ya koma CSRankings, inda ake ganin malaman kowace jami'a bisa fanni da inda suke buga muƙalu, ya nemo masu aiki a kan harsuna masu ƙarancin bayanai, musamman sabbin malamai da ke kafa ɗakin bincike suna neman ɗalibai. Ya karanta ƙa'idar maki ta kowace jami'a da kyau, domin ba ɗaya suke ba. Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign shekaru biyun ƙarshe na digirin farko take aunawa, ta Texas da ke Austin kuma kwasa-kwasan manyan azuzuwa da duk karatun gaba da digiri da mutum ya yi. Ga mai tarihi irin nasa wannan bambanci ne babba. Kada kuma mutum ya juya makinsa da kansa ta hanyar raba shi da 5 ya ninka da 4. A rubuta shi yadda yake a kan ma'aunin 5. Jami'ar za ta juya da kanta, ko ta tura ka wurin masu tantancewa irin su WES, waɗanda ke bin kwas ɗaya bayan ɗaya kuma sai jami'arka ta aika musu takardun kai tsaye. Transkirif ɗinsa wata uku ya yi kafin ya fito. Tunda yawancin sassa tsakanin 1 da 15 ga Disamba suke rufe karɓa, ba a fafe gora ranar tafiya, tun Yuli ya fara bi. Batun jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS shi ma a duba kowace makaranta, wasu sun yafe wa 'yan Najeriya, wasu ba su yafe ba.

A watan Oktoba ya aika wa malamai goma sha biyu gajeren saƙo, kowanne da tambaya ta gaske a kan wata muƙalarsu, da mahaɗin tasa muƙalar da manhajar aikinsa da ya ɗora a shafin GitHub. Uku suka amsa. Ya nemi makarantu tara. A watan Fabrairu biyu suka kira shi hira ta bidiyo, kuma a duka biyun rabin lokacin a kan ɗigar bayanan nan aka yi shi. Bakwai suka ƙi. A ɗaya daga biyun da suka karɓa, ofishin karatun gaba da digiri ya tsayar da takardunsa saboda makin digirin farko, sai da sashen ya rubuta takardar neman a yi masa togiya, malamin da ke son ɗaukar sa ya sa hannu. Irin wannan togiya tana nan a jami'o'i da yawa, amma mai nema ba ya iya roƙon ta da kansa, sai wani malami a ciki ya tsaya masa.

Ya ba da amsa kafin 15 ga Afrilu, ranar da yawancin jami'o'in Amurka suka amince a kai ga masu gurbi da tallafi. Tallafin nasa na mataimakin koyarwa ne, awa 20 a mako, ana sabunta shi duk shekara muddin makinsa bai sauka ƙasa da 3.0 ba. Wasiƙar ta zo da ƙarin sharaɗi ɗaya da ba a sa wa sauran abokan shigarsa ba: a zangonsa na farko sai ya ɗauki kwas ɗin algoridim na matakin gaba da digiri, ya ci aƙalla B. Ya rage sauran kwasa-kwasan zangon zuwa ɗaya, ya riƙa zuwa ofishin malamin duk Talata da tambayoyinsa a rubuce, ya fita da B+.